Tsohuwar Kwamfuta Da Amanar Mai Gyara

Mai karatu, a ce wani ya ɗauko tsohuwar kwamfutarsa Pentium 4 daga Ƙaraye ko Rogo, ya kawo ta Titin Beirut a Kano. Mai gyara ya kakkaɓe ƙura, ya goge RAM, ya canza ɗan batirin da ke riƙe kwanan wata, sai Windows XP ta farfaɗo. A ciki ga hotunan biki, ga littafin soyayya da ba a buga ba, ga fim da ba a gama tacewa ba. Shin ya halatta ya leƙa?

Wasu za su ce ai dole ya buɗe wani abu kafin ya tabbatar faifan ajiya lafiya yake. Haka ne. Amma gwaji daban, bin ƙwaƙƙwafi daban, kwafa kuwa cin amana ne. Mai wankan gawa ma iya abin da ya wajaba yake gani, sannan ya ja bakinsa.

'Yan fim ba su manta 2007 ba, lokacin da bidiyo ɗaya na wayar salula ya bazu, har aka dakatar da ɗaukar fim a Kano. Don haka mai gyara, ka ji tsoron Allah. Kai kuma mai kaya, zauna a yi gyaran a gabanka.