Shirun Mai Duba Gini

Ya kai ɗan'uwa matashi, tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, kowace shekara ruwa na hawa yana sauka a gaɓar Yauri, Ngaski da Shanga. Ƙasa ta jiƙe, ta yi nauyi, ta tura katangar da aka gina don tare ta. In ba a bar wa ruwa kafar fita ba, sai katangar ta tsage.

To, a ce kai magini ne, mai saye ya biya ka ka dubo masa gida a Yelwa. Ka ga tsagar da aka shafe da sabon siminti, ka yi shiru don mai sayarwa kawunka ne. Damina ta zo, katanga ta faɗi. Gaban alƙali ka ce: "Ɗakuna aka ce in duba, ban yi ƙarya ba."

Haka ne, harshenka bai furta ƙarya ba. Amma me ya biya? Idonka. Bawan Allan nan bai san gini ba, shirunka ya ɗauka shaida. Tsaga kuwa ba abar rainawa ba ce: Mukhtasar na Shehu Halil ya ambace ta cikin aibobin ciniki. In ba a tsoron gida ya rushe saboda ita, a rage wa mai saye kuɗi. In ana tsoro, yana iya mayar da gidan.

Kai ma mai gida, in kai ka toshe magudana da shara, kada ka ɗora wa magini. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa kuma, shi ma bai gani ba.