Haƙuri Ko Tsoro: Ɗalibi a Ƙofar Kai Kuka

Hausa ta raba tsakanin ƙorafi da kai kuka. Idan aka ce wane mai ƙorafi ne, an muzanta shi, ana nufin ba ya godiya. Wanda kuwa ya kai kuka gaban dagaci don an ci masa iyakar gona, babu mai ganin baikensa. Jami'o'inmu sun tanadi hanyoyin kai kuka, sai dai tarbiyyar da muka zo da ita daga gida ta sa muna kallon duk wanda ya bi su a matsayin mai ƙorafi. Tambayata ita ce: ɗalibin da aka zalunta ya yi shiru, haƙuri ya yi, ko tsoro ne muke yi wa ado da sunan haƙuri?

Ni ɗan Gangara ne, a ƙaramar hukumar Jibiya, inda abincin mutane da yawa ya rataya ga hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi Magama da Ɗan Isa zuwa Maraɗi. Mutumin bakin iyaka ya san wani lissafi tun yana yaro: ba ka kai ƙarar mai tsaron shingen da gobe ma ta gabansa za ka wuce. Da aka rufe iyakoki a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, kuma a tsakanin nan jari ya karye a gidaje da dama, amma abin da aka fi ji a majalisa shi ne "sai haƙuri". Ba wai mutane sun yarda ba ne. Ba su ga ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba tare da sun ƙara wa kansu wahala ba.

Ɗalibi ma mai bin shinge ne. A galibin jami'o'i, koke yakan fara daga malamin da ke kula da aji, ya hau zuwa shugaban sashe, sai shugaban tsangaya ko ofishin harkokin ɗalibai, kafin ya isa majalisar jami'a. Ana so a rubuta shi da Turanci, da suna da lambar rajista. Ban raina wannan tsani ba, domin malami ma yana da mutunci, kuma takardar da ba ta da suna tana iya rushe aikin shekara talatin da ƙarya guda. Amma matakin farko sau da yawa abokin shan shayin wanda ake ƙara ne, kuma wanda ake ƙarar shi zai duba jarrabawa ta gaba, wataƙila shi zai sa hannu a kundin kammala digiri. Tsarin ya kare malami daga ƙazafi, bai kare ɗalibi daga ramuwa ba.

Al'amarin ya fi sarƙaƙiya a jami'o'in da aka gina kan addini, irin su Al-Qalam ta Katsina da Bingham ta cocin ECWA a Karu, waɗanda duka aka kafa a 2005. Irin waɗannan makarantu, na Musulmi da na Kirista, suna da abin da sauran ke nema: limami ko fasto da ɗalibi zai zauna gabansa ya sauke nauyin zuciya, da jin cewa kowa ɗan gida ne. Hatsarin, a ganina, yana cikin wannan alherin. Inda ake cewa "mu iyali ɗaya ne", kai ƙara na iya kama da tona asirin gida, nasiha kuma ta maye gurbin bincike. A kira mutum biyu a sulhunta su tun ba a tantance wanda ya yi laifi ba, wannan ba sulhu ba ne. Yafiya kyauta ce, kuma ba a kyauta da abin da ba a tabbatar maka naka ne ba.

Masu cewa kai kuka baƙon abu ne sun manta tarihi. Tun ƙarni na 15, Shehu Maghili, a littafin shawarwarin da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, ya ja kunnen mai mulki kada ya ɓuya wa talakawansa, ya zauna inda mai rauni zai iya isa gare shi. Ƙasar Suwidin ta kafa ofishin mai sauraron koke a 1809, Nijeriya ta kafa Hukumar Karɓar Koke-Koken Jama'a a 1975. Abin da Maghili ya fahimta shi ne nauyin yana wuyan mai iko: shi zai kusanto, ba mai rauni ne zai yi ta hawa ba.

Ɗaliba ta fi kowa sanin tsadar magana. Binciken da BBC ta fitar a Oktoban 2019 kan malaman da ke neman lalata don ba da maki ya girgiza Legas da Accra. Amma yarinyar da ta fito daga ƙauye irin namu, wadda sai da aka sha gardama kafin a bar ta ta tafi karatu, ta san cewa ranar da labarin ya isa gida, ko da ita ce mai gaskiya, karatun ne zai ƙare. Ba zan kira shirunta haƙuri ba, don haƙuri na mai zaɓi ne. Ba kuma zan kira shi ragwanci ba.

Duk da haka shiru yana barin bashi, domin wanda aka ƙyale bana zai sami wani baɗi. Wa zai biya? Ina ganin mu ne, waɗanda takardar shaida ta riga ta shigo hannunmu, babu sauran makin da za a rage mana. Jami'a na iya tambayar kowane mai kammalawa, a asirce, bayan ya karɓi sakamakonsa. Tana iya tura takardar da ake jayayya a kanta ga malamin wata jami'a. Tana iya ƙayyade kwanakin ba da amsa, ta kuma cire ɗalibi daga hannun wanda ya kai ƙara tun ranar da ya miƙa takarda.