Kai Ƙarar Abokin Kasuwa: Yaushe Ne Adalci, Yaushe Ne Zunubi?

A watan Afrilu na shekarar 2005, sa'ad da Ikilisiya a duniya duka take cikin makokin Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, wani mutum a Jihar Ayowa ta Amurka ya aikata abin da ya girgiza zukatan masu bi. Ya ɗauki gurasar Yukarist, wadda ya ce an tsarkake ta a wata Misa da Paparoman ya yi a Roma a 1998, ya sa ta a gwanjo a kasuwar intanet da ake kira eBay. Wani ɗan Katolika a Kalifoniya ya taya dala 2,000 domin kada Jikin Ubangiji ya faɗa hannun masu wulakanci. Daga baya mai sayarwar ya janye cinikin, ya miƙa gurasar ga Dayosis ɗin Sioux City. Da fari kamfanin ya ce ba a karya wata dokarsa ba, amma da koke-koken masu bi suka yi yawa, sai ya sa Yukarist cikin jerin abubuwan da ya hana sayarwa.

'Yan'uwana cikin Almasihu, babu wani daga cikinmu da zai yi shakkar cewa waɗanda suka ɗaga murya a wannan lokaci sun yi daidai. Sai dai yawancin ƙararrakin da ake kaiwa a irin wannan kasuwa ba su kai wannan tsabta ba, kuma a kansu nake so mu yi tunani.

Bari in fara da bayyana yadda kasuwar take. Pierre Omidyar ne ya kafa ta a 1995 a Kalifoniya. Mutum yana zaune a ɗakinsa zai sa hoton hajarsa, ya faɗi farashin da za a fara da shi da ranar da gwanjon zai rufe, masu saye daga ƙasashe dabam-dabam su yi ta tayawa, wanda tayinsa ya fi yawa ya ɗauka. Tun da mai saye ba ya taɓa kayan, ba ya kuma ganin fuskar mai sayarwa, amana ce kaɗai jarin kasuwar. Don haka kamfanin ya shimfiɗa dokoki masu yawa: an hana sayar da jabu, an hana sayar da bindigogi tun 1999, an hana hauren giwa tun 2009, an hana mai kaya ya taya kayansa da wani suna domin ya ɗaga farashi, an hana kuma a ja mai saye gefe a ƙulla ciniki a waje domin a guje wa kuɗin kamfani. Da yake ma'aikata ba za su iya duba miliyoyin kaya ɗaya bayan ɗaya ba, an ba kowane mai amfani da kasuwar damar ya kai ƙarar duk hajar da ya ga ta saɓa doka. Idan an amince da ƙarar, za a sauke hajar. Idan abin ya maimaitu, za a iya taƙaita cinikin mai ita, ko ma a rufe masa rumfa ɗungurungum. Shi kuwa wanda aka kai ƙararsa, ba a gaya masa wane ne cikin abokan kasuwa ya kai shi.

To, ku duba abin da wannan tsari ya ɗora a hannun mutum. Ga mata biyu suna sayar da tsofaffin kayan ado iri ɗaya. Ɗaya ta lura cewa ɗayar ta cusa sunan wani shahararren kamfani a kan bayanin hajarta domin masu nema su riƙa cin karo da ita, abin da doka ta hana. Ba sai ta tashi daga kujera ba, ba sai ta nemi shaidu ba, ba kuma wanda zai san ita ce. Da danna maɓalli ɗaya hajar kishiyarta a sana'a za ta ɓace, masu saye su koma wurinta. Kuma abin da za ta faɗa gaskiya ne. Ina zunubin yake a nan?

Mutane da yawa za su ce babu. Ta karya doka, an kai ta, shi ke nan. Amma Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin wata ƙara wadda kowace kalmarta gaskiya ce, duk da haka mugunta ce tsantsa. A sura ta 6 ta Littafin Daniyel, manyan fadawan Sarki Dariyus sun ga sarki yana shirin ɗaukaka Daniyel bisa dukan mulkin, sai hassada ta kama su. Sun bincika aikinsa ba su sami aibi ba. Saboda haka suka sa sarki ya kafa doka cewa har kwana talatin kada kowa ya roƙi wani, allah ko mutum, sai sarki kaɗai. Suka yi kwanto, suka same shi yana addu'a sau uku a rana kamar yadda ya saba, tagoginsa a buɗe suna fuskantar Urushalima, suka ruga suka faɗa wa sarki. Ba su ƙara masa ko da kalma ɗaya ba. Dokar tana nan, Daniyel ya karya ta, su kuma sun gani da idonsu. Amma ba kishin doka ne ya kai su fada ba, kujerar Daniyel suke so. Mun kuma san wanda ya kwana lafiya cikin kogon zakoki da waɗanda ba su kai ƙasan kogon da rai ba.

Katikisim na Ikilisiyar Katolika, wanda aka fitar a 1992, ya yi bayanin Doka ta Takwas da faɗi fiye da yadda muka saba ɗaukarta. A sakin layi na 2477 ya ambaci hanyoyi uku da ake cin mutuncin maƙwabci. Akwai hukunci na gaggawa, wato mutum ya yarda cewa ɗan'uwansa ya yi laifi ba tare da isasshiyar hujja ba. Akwai ƙazafi, wato a ɓata masa suna da ƙarya. A tsakiyarsu kuma akwai wanda ya fi kama mu ba mu sani ba, wato a tona laifinsa na gaskiya ga waɗanda ba su sani ba, alhali babu wani ƙwaƙƙwaran dalili. Duka ukun suna da gurbi a wannan kasuwa. Wanda ya ga jaka mai araha a hoto ya yanke cewa jabu ce, ya kai ƙara bai bincika ba, ya yi na farko. Wanda ya ƙirƙiri laifi domin a rufe rumfar abokin takararsa ya yi na biyu, kuma ya haɗa da sata, domin ya ɗauke abinci daga bakin wani gida. Na ukun ne yake bukatar mu tsaya, domin mai yin sa yana fakewa da cewa ai gaskiya ya faɗa.

Kada fa wani ya fahimce ni a kan cewa shiru shi ne tsarki. A shekarar 2000 wani lauya a Kalifoniya ya sa wani zane a gwanjon eBay, ya yi masa alamun da za su sa a zaci aikin mashahurin mai zane Richard Diebenkorn ne, shi da abokansa kuma suka riƙa tayawa da sunaye dabam-dabam har farashin ya haura dala 135,000. An soke cinikin, hukuma ta bi sawu, a 2001 ya amsa laifinsa a kotu. Wanda ya san irin wannan makirci ya kame bakinsa, wai don ba ya son a kira shi magulmaci, ya bar marar laifi ya faɗa rami yana kallo. Littafin Firistoci, a sura ta 19, ya jera umarnan a wuri ɗaya: ya hana yawon tsegumi a cikin jama'a, ya hana a tsaya ana kallo ran maƙwabci yana cikin haɗari, ya kuma umarta a tsauta wa ɗan'uwa a fili don kada a ɗauki alhakinsa. Ba a ba mu izini mu zaɓi ɗaya mu bar sauran ba.

Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya yi nazarin wannan matsala sa'ad da yake bayani a kan gargaɗin 'yan'uwantaka, bisa ga koyarwar Ubangijinmu a Matiyu sura 18, inda aka fara da magana tsakanin mutum biyu, sa'an nan a kawo shaida ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe a kai ga jama'a. Ya rarrabe laifin da yake cutar da waɗansu da wanda cutarsa ta tsaya ga mai yin sa. Idan ɓoyayyen laifi zai jawo wa jama'a ɓarna, in ji shi, a bayyana shi nan da nan, sai dai in akwai tabbacin cewa gargaɗi a asirce zai tsayar da shi. Idan kuwa ba haka ba, a fara da kiran ɗan'uwa gefe, domin manufar ita ce a gyara shi a kuma kiyaye masa mutuncinsa. A ganina wannan ma'auni ya dace da kasuwar gwanjo kamar don ita aka yi shi. Maganin jabu, ko kayan wasan yara masu haɗari, ko tayin ƙarya, ba su jiran sallama. Amma matar nan da ta sa sunan da bai kamata ba a kan bayanin hajarta, wataƙila ba ta ma san dokar ba, domin dokokin suna da yawa kuma ana sauya su. Kasuwar ta tanadi hanyar aika wa mai kaya saƙo. Me zai hana a rubuta mata layi biyu tukuna? Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In kuwa mutum ya ji a ransa cewa ba ya son ta gyara, ya fi son a sauke ta, to, ya riga ya san abin da ke tura hannunsa.

Batun ɓoye suna ya fi wuya, kuma ban ga amsa mai sauƙi gare shi ba. Mu Kirista muna da dalilin jin tsoron ƙara marar suna. Wajen shekara ta 112, Gwamna Pliny na lardin Bitiniya ya rubuta wa Sarkin Roma Trajan yana tambayar yadda zai yi da Kirista, ya kuma ambaci wata takarda marar sa hannu mai ɗauke da sunayen mutane da yawa. Trajan, wanda ba masoyin Ikilisiya ba ne, ya amsa cewa kada a karɓi irin waɗannan takardu a kowace shari'a, domin mugun misali ne. Arne ne ya faɗi wannan, kuma ya yi gaskiya. A ɗaya gefen kuma, ɓoye suna yakan zama garkuwar marar ƙarfi. A 2008 kamfanin eBay ya hana masu sayarwa ba masu saye mummunar shaida, domin an lura cewa masu saye suna tsoron faɗin gaskiya game da mugun ciniki saboda ramuwar gayya. Saboda haka ban ce a soke ɓoye suna ba. Abin da nake cewa shi ne, Kirista ya tambayi kansa kafin ya danna: da za a rubuta sunana a ƙasan wannan ƙara, a nuna wa mai kayan, zan iya tsayawa gabansa in maimaita ta? In tsoron cutarwa ne zai hana shi, ya ɓoye sunansa da lamiri mai tsabta. In kunya ce za ta hana shi, ya janye hannunsa.

Kalma kaɗan ga wanda aka kai ƙararsa. Ba dukan dokokin kasuwa ne dokokin Allah ba. Waɗansu suna kare maƙwabci, waɗansu ribar kamfani kawai suke karewa, waɗansu ma, kamar yadda muka gani a 2005, sun makara ba su hana abin da ya kamata su hana ba. Amma wanda ya buɗe rumfa ya amince da sharuɗɗan da yardar kansa, alkawari kuwa kaya ne. Idan an sauke hajarka, tambaya ta fari ita ce ko ka yi abin, ba wai wane ne ya kai ka ba. Sau da yawa mutum yakan ɓata kwanaki yana zargin wannan da wancan, har ya bi kayan wanda yake zargi yana neman abin da zai rama da shi, alhali bai ma tabbata shi ne ba. Laifi tudu ne. In ƙarar gaskiya ce, ko da maƙiyi ne ya kai ta, gyara ya zama wajibi. In ƙarya ce, akwai hanyar ɗaukaka ƙara, kuma neman hakki ta wannan hanya ba rashin haƙuri ba ne, musamman ga mai iyali.

Saura wanda ya riga ya aikata, wanda yanzu yake karanta wannan yana tuna wata ƙara da ya kai saboda hassada. Furta zunubin a gaban Fada wajibi ne, amma bai ƙare a nan ba. Sakin layi na 2487 na Katikisim ya koyar cewa duk laifin da aka yi wa gaskiya da adalci yana ɗauke da nauyin gyara ɓarnar, ko da an riga an gafarta wa mai laifin, kuma in ba za a iya yin gyaran a fili ba, a yi shi a asirce. A wannan kasuwa, ma'anarsa ita ce mutum ya koma ga kamfanin ya shaida cewa abin da ya faɗa ba haka yake ba, ko kuma ya yi gaggawa. In ya san rumfar ta zauna a rufe na mako biyu saboda shi, ya ƙiyasta abin da mai ita ya rasa a cikin waɗannan kwanaki, ya nemi hanyar mayar masa gwargwadon ikonsa, ko da ba da sunansa ba. In mai rumfar ya riga ya bar kasuwar, ba a kuma san inda yake ba, sai a kai maganar ga Fada a lokacin furcin, ya ba da shawarar inda za a kai kuɗin.