Bene Da Haƙƙin Maƙwabci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, gine-ginen ofisoshi suke ta ƙaruwa a Talata Mafara, haka ma Bakura da Maradun gwargwadon ƙarfinsu. Babu mai ƙin wannan. Amma fa gidan Bahaushe a buɗe yake ta sama. Tsakar gida da madafi da makewayi, duk katanga ce kaɗai suturarsu. Ranar da bene ya tsaya a bayan katangar nan, akawu yana zaune bakin taga, to matar gida ba ta sauran sakewa a cikin gidanta, ko da akawun bai taɓa ɗaga kai ba.

Shin Shari'a ta hana mutum ya ɗaukaka gini a filinsa? Mashahurin zance a mazhabar Maliku shi ne ba ta hana ba. Shehu Halilu ya bayyana a Muhtasar cewa ba a tsayar da mai gini don ya tare wa maƙwabci haske ko rana ko iska, sai fa iskar masussuka, inda manomi yake sheƙar hatsinsa. Manoman Bakura za su gane hikimar wannan togiya nan take.

Abin da aka hana shi ne leƙe. Mai Risala, Ibn Abi Zaid, ya lissafa buɗe tagar da ke tona maƙwabci cikin cutarwar da ake kawarwa. An ruwaito cewa da wani ya gina soro a Masar ya yi masa taga, Sayyidina Umar ya rubuta a ajiye gado a ƙarƙashinta, mutum ya hau ya tsaya. In ya hango cikin gidan maƙwabci, a toshe ta. Ko mai hawan dabinonsa, malamai sun ce ya fara sanar da maƙwabta. Har ladan an hana shi hawa hasumiyar da ke kallon gidaje. To, in ba a ɗauke wa masallaci wannan hukunci ba, ina dalilin ɗauke wa sakatariya ko banki?

Wani zai ce ofis na jama'a ne, amfaninsa ya fi na gida ɗaya. Wannan hujja tana da nauyi ne inda babu mafita, alhali nan mafita ba ta da tsada. A fuskantar da manyan tagogi ga titi, na baya kuwa a ɗaga su sama da tsayin mutum, ko a sa musu gilashi mai duhu wanda ba ya buɗuwa. Matakala da baranda a yi musu kariya, a ja ginin baya daga katangar mutane. Lokacin yin haka kuwa shi ne sa'ad da zane yake kan takarda, kafin hukuma ta sa hannu, don talaka da wuya ya kai ƙarar ofis gaban alƙali bayan an zuba kankare.

Wallahu a'alamu.