Inda za a kafa harsashi: sabuwar majami'a da haƙƙin maƙwabtaka

A birni irin Maraɗi, wanda ƙidayar 2012 ta samu da mutane fiye da dubu 260, gari kan yi tafiya ya bar tsofaffin gine-ginensa a baya. Saurayin da ya tashi a Sabon Gari ko a Bagalam, idan ya yi aure, da wuya ya sami ɗaki kusa da gidan ubansa. Sai ya nufi sababbin unguwannin bakin gari, inda haya ke da sauƙi, ko inda ya yi ta tari har ya mallaki ɗan fili. Musulmi bai cika jin nauyin wannan ƙaura ta fuskar ibada ba, domin kafin a gama gida goma a layi, wani ya riga ya jera duwatsu ya fuskantar da su gabas. Kiristoci kuwa, waɗanda ƙidayar nan ta nuna ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba a Nijar, majami'arsu tana can inda iyayensu suka gina ta. Ranar Lahadi sai ka ga miji da mata da goyo da yara biyu a kan babur ɗaya, ko kuwa a raba su bisa kabu-kabu biyu. A ce jika guda ke fita kowane mako: jika 52 ke nan a shekara, daga aljihun da ke biyan haya da kuɗin lakwal.

Saboda haka tambayar takan taso a taron dattawan ikilisiya: a ina za a kafa wa waɗannan matasan iyalai tasu majami'a? Ana ɗaukar ta batun kuɗi da takardar fili. A ganina ta fi haka zurfi, domin duk wanda ya zaɓi wurin ibada ya zaɓi mutanen da za su ji muryarsa, da waɗanda ƴaƴansa za su yi wasan ƙasa tare da nasu. Tambaya ce da ta shafi wanda zai shiga ginin da wanda ba zai taɓa shigarsa ba.

Amsa mafi saurin zuwa ita ce a sayi fili mai araha can bayan gari, inda babu kowa, a kewaye shi da katanga mai tsawo, a sa ƙofar ƙarfe. Kada mu yi gaggawar kiran wannan tsoro, domin masu faɗarsa suna da abin tunawa. A watan Nuwamba na 2000, tarzomar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA ta faɗa wa wata majami'a a Maraɗi. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen mujallar Charlie Hebdo ta Faransa, an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasa rayukansu, hukuma kuma ta ƙirga majami'u 45 da wuta ta ci a Yamai kaɗai. A watan Yuni na 2019 aka sake cinna wa wata wuta a unguwar Zariya ta Maraɗi, bayan kama wani limami da ya soki dokar tsara harkokin ibada. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Uban da ya ga hayaƙin nan da idonsa, yana da haƙƙin ya so ƴarsa ta yi addu'a nesa da taron jama'a.

Sai dai nisa yana da nasa farashi, kuma mata da yara ne ke biyansa. Majami'ar da aka ce ta matasan iyalai ce, amma mai ciki ba ta iya isa gare ta da ƙafa, mai jego ba ta iya zuwa taron mata na tsakiyar mako ta dawo kafin almuru, suna kawai ta ɗauka. Maza masu babura za su je. Su ne kuma, abin mamaki, suka fi yawa a kwamitin da ke zaɓen filin. Da za a ba ni shawara ɗaya in bayar, cewa zan yi a auna tazarar da tafiyar mace mai goyo wadda ke jan hannun ɗan shekara uku a watan Afrilu, a bar awon kilomita ga masu taswira. Ga kuma maganar ƙasar kanta. Araha ba ta ado, kuma filin da ya yi arha ƙwarai sau da yawa hanyar ruwa ce. Mutanen Maraɗi sun san wannan tun 1945, lokacin da ambaliyar Gulbi ta sa aka tayar da gari daga kwari zuwa tudu. Daminar 2024 ta sake tunatar da mu, shekarar da ruwa ya rushe gidaje a Maraɗi, ya kuma kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram. Ruwa ba ya tambayar alƙiblar gini.

Akwai wata amsa da ta fi ta farko wayo, wadda kuma na fi jin tsoronta: a sayi babban fili, a gina majami'a a tsakiya, a yanka sauran a sayar wa ƴan ikilisiya, kowa ya zauna kusa da nasa. Nisa ya ƙare, tsaro ya samu. Amma mun ga irin wannan tsari a maƙwabta. Sabon Garin Kano, wanda Turawan Ingila suka keɓe wa baƙi a farkon ƙarni na 20, ya tara majami'u wuri ɗaya, ya kuma koya wa tsara bayan tsara cewa Kirista baƙo ne mai unguwarsa daban. A ƙasarmu abin bai tafi haka ba. Mishan ɗin SIM ya sauka Damagaram a 1924, ya kafa zango a Tsibirin Gobir bayan ƴan shekaru, ya buɗe asibitin Galmi a 1950 da na kutare a Danja a 1956. Waɗanda suka karɓi addinin ta waɗannan hanyoyi Gobirawa ne da Katsinawa da Adarawa, masu kawu liman da gwaggo hajiya. Kiristan Tsibiri yana cin tuwon salla a gidan ɗan'uwansa, ɗan'uwan yana zuwa masa suna da jana'iza. Unguwar Kiristoci zalla za ta yanke wannan igiya a cikin tsara ɗaya. Mu malaman makaranta mun san abin da ke faruwa da yaron da bai taɓa zama benci ɗaya da wanda ya bambanta da shi ba: duk abin da aka faɗa masa a kan wancan sai ya gaskata, tun da ba shi da fuskar da zai gwada maganar da ita.

Abin da ya rage shi ne a gina a cikin unguwa, tsakanin mutane, inda iyalan suke zaune da gaske. A nan ne wuyar take. Dokar 2019 ta ɗora gina wurin ibada a kan izinin hukuma, amma takarda mai hatimi ba ta sa mutumin da ke bayan katanga ya amsa gaisuwa. Al'adarmu ta san wani izini na biyu, wanda ba a rubutawa: a je wurin mai unguwa, a gai da limamin layi, a zauna a kan tabarmar dattawa tun kafin a sauke tifar yashi ta farko. Wasu matasa suna ganin wannan ƙasƙanci ne, suna cewa ɗan ƙasa ba ya roƙon abin da yake haƙƙinsa. Gaskiyarsu a rabi. Maƙwabci ba shi da ikon hanawa. Da yana da shi, da marasa rinjaye ba su gina komai ba har abada, a nan ko a Faransa inda Musulmi ke fama da irin wannan a kan masallatai. Amma yana da haƙƙin ya ji daga bakin masu ginin, kada ya wayi gari ya tsinci labari a bakin magina. Yana da haƙƙin a yi magana da shi a kan lasifika, da kiɗan dare, da inda babura za su tsaya. (Maganar lasifika, in za a yi adalci, ta hau kan kowa, ɗalibina mai shirin jarrabawar BEPC ba ya bambance wace ce ta hana shi barci.)

Wani zai ce duk wannan an yi shi a Damagaram, bai hana komai ba. Mishan ɗin Katolika na can ya daɗe a cikin gari, makarantarsa ta karantar da ƴaƴan Musulmi masu yawa, amma a 2015 wuta ba ta tsallake shi ba, har ɗaruruwan Kiristoci suka fake a barikin soja. Haka ne, kuma ba ni da hujjar da za ta share wannan. Maƙwabtaka ba laya ba ce. Taron da ya taso daga wata unguwa bai san wanda ya ba wa wani aron turmi ba. Abin da zan iya cewa kawai shi ne, a ranar da katanga ta kasa, mai gudu yana bukatar ƙofar da zai buga a buɗe masa, kuma a filin bayan gari babu ƙofa ko ɗaya. Hukuma ce ke da alhakin kare ginin da hukunta mai ƙona shi. Maƙwabci kuwa yara yake ɓoyewa.

Shi ya sa nake ganin ikilisiyar da ba ta da tabbas ta fara da haya. Gida mai tsakar gida da rumfa, a layin da iyalai bakwai ko takwas suke, shekara biyu ko uku, ya isa a ga inda ruwa ke kwanciya da damina, a san wane maƙwabci ne ke turo yaransa ɗiban ruwa a famfo, a kuma gane ko matasan za su zauna a unguwar ko haya za ta sake kora su gaba. Dattawan da suka saba da ginin siminti mai hasumiya ba za su so wannan ba, domin majami'ar haya tana ƙarƙashin ikon mai gida, kuma ana iya matsa masa ya ba su wa'adin wata uku su tashi.