Haƙƙin Yaron Kanti A Wuyan Ubangidansa

Muna jan hankalin masu kantunan atamfa da shadda da telolin Tasawa da Mayahi game da yaran da ke ƙarƙashinsu. Idan Salla ta ƙarato, yaro yakan wuni yana awon yadi, ya kwana kan keke, amma ladansa kullum sai gobe. Kaya su kwanta, a ɗora masa asarar. Ya yi kuskure, a zagi iyayensa gaban masu saye. Wani ubangidan ma shi ke koya masa rage awo, alhali Suratul Muɗaffifina ta yi wa masu tauye awo gargaɗin azaba.

Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi hidima shekara 10, bai taɓa jin tsawa daga gare shi ba. Kuma Buhari ya ruwaito cewa Allah da kansa zai yi husuma ran Alƙiyama da wanda ya ci gumin ɗan ƙodago ya hana shi ladansa.

Saboda haka mu yanke lada tun farko gaban shaidu, mu biya kan lokaci, mu kame harshe. Allah Ya tsarkake dukiyarmu, amin.