Lantarki a Ƙwaƙwalwa: Don Hutun Wa?

’Yan’uwa cikin Almasihu, idan taɓin hankali ya shiga gida a Karaye ko Rogo, dangi ne kan ɗauki mara lafiya zuwa Kano, su ne kuma kan amsa tambayar likita a madadinsa. Cikin hanyoyin magani na manyan asibitoci akwai ratsa ƙwaƙwalwa da lantarki. Ya halatta mu yarda?

Ba sabon abu ba ne. A 1938 Ugo Cerletti da Lucio Bini suka fara shi a Roma. A yau akan sa mutum barci tukuna, kuma ya ceci masu baƙin ciki mai tsanani waɗanda suka daina ci da magana, ko da yake yakan jawo mantuwa. A 1987, a Faransa, Alim-Louis Benabid ya soma dasa siririyar waya cikin ƙwaƙwalwa don tsai da makyarkyata. Da yawa sun sami sauƙi, amma an ga waɗansu halinsu ya sake, har suka faɗa caca.

Eklesiya ba ta gaba da likita. Sai dai a 1952 Paparoma Piyus na 12 ya gargaɗi masanan jijiyoyi cewa ba a yarda da maganin da zai kawar da ciwo amma ya hallaka ’yancin mutum ba. Gama da wannan ’yanci ne muke tuba, da shi ne muke ƙaunar Allah.

To, ga ma’auninmu. A Markus sura 5, mutanen gari sun ɗaure mai aljanu da sarƙa don su huta. Yesu kuwa ya komo da shi cikin hankalinsa, ya mai da shi gida. Maganin da ya komar da ɗan’uwanmu ga kansa alheri ne. Wanda muka nema don a rufe masa baki, mari ne, ko da ba a ga ƙarfe ba.

Saboda haka mu tambayi likita amfani da illa, mu kuma tambayi mara lafiyan kansa muddin yana ganewa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye ta 1958, ta ba shi wannan haƙƙi. Kafin mu ɗora hannu a takarda, mu binciki zuciya: don warakarsa ne, ko don hutunmu?

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.